Istanbul Cikin 'Yan Kwanaki: Manyan Gine-gine da Abincin da Ke Gindinsu

Duk wanda ya samu hutun 'yan kwanaki ya ce Istanbul zai nufa, ya kamata ya amince tun kafin ya hau jirgi cewa ba zai ga birnin duka ba, ba zai ma ga rabinsa ba. Birni ne mai ɗauke da mutane sama da miliyan 15, wani ɓangarensa a Turai, wani a Asiya, ruwan Bosforus ya ratsa tsakaninsu. Sarki Konstantin ya mai da shi babban birnin daular Rumawa a shekarar 330, Sarki Muhammad na Biyu ya ci shi da yaƙi ranar 29 ga Mayun 1453, daga nan ya zama fadar Daular Usmaniyya ta Turkawa har zuwa rushewarta, aka kafa jamhuriyar Turkiyya a 1923 aka mayar da gwamnati Ankara. Kowane mai mulki da ya zauna a wurin ya bar gini, ginin wannan kuma ya hau kan na wancan, har ya zama mutum yana iya tsayawa a kusurwar titi ɗaya ya ga aikin zamunna daban-daban ba tare da ya ɗaga ƙafa ba. Da na zauna tsara tafiyata a farkon lokacin sanyi, na cika takarda da sunayen wurare, sannan na bi su ina sokewa, domin taura biyu ba ta taunuwa. Na tsayar da niyyata a kan tsohon birni, wato yankin da ganuwa ta kewaye, da kuma ƙetarawa ɓangaren Asiya a jirgin fito.

Masu shirya wa baƙi yawon buɗe ido sukan raba ranaku gida biyu, su ce yau ranar ganin wuraren tarihi ce, gobe kuma ranar ɗanɗanon abinci da abin sha. Ban ga hikimar wannan rabo a Istanbul ba, saboda mutanen da suka gina manyan masallatanta su ne suka gina kasuwanninta da ɗakunan girkinta, kuma cikin tsari ɗaya suka gina su. Idan sarki ko waziri ko mahaifiyar sarki suka tashi gina masallaci, sai su haɗa masa da makaranta, asibiti, gidan wanka, wurin shan ruwa da gidan ciyar da mabuƙata, sannan su gina shaguna su yi waƙafinsu, domin kuɗin haya su riƙa ɗaukar nauyin dukan waɗannan ayyuka. Saboda haka wanda ya fito daga masallaci ya zauna cin wake a shagon da ke jingine da bangon tsohuwar makarantarsa, yana nan cikin abin da aka gina wurin dominsa tun farko. Da wannan ido na riƙa kallon birnin, kuma shi ya sa na ƙi raba cin abinci da ziyarar gine-gine.

Zirga-zirga ba ta da wahala. Kati ɗaya ake saya, ana kiransa Istanbulkart, a loda masa kuɗin lira, da shi ake shiga bas, da jirgin ƙasan da ke bin tsakiyar titi, da jiragen fito. Layin T1 na wannan jirgin ƙasa yana ratsa tsakiyar tsohon birni daga bakin ruwa zuwa dandalin Sultan Ahmed har ya wuce Babbar Kasuwa, amma galibin nisan da ke tsakanin waɗannan wurare ƙafa tana iya cinye shi, muddin mutum ya shirya wa hawan tudu. Karin kumallon mai sauri shi ne simit, wani burodi mai siffar zobe da ake tsomawa a ruwan zaƙin inabi, a lulluɓe shi da riɗi, a gasa har bayansa ya yi ƙarau, ana sayar da shi a jajayen kekuna a kusan kowace mahaɗa. Cikakken karin kumallonsu kuwa shimfiɗa ce ta ƙananan farantai: cuku iri-iri, zaitun baƙi da kore, tumatir, kokwamba, zuma da aka zuba kan kaymak, wato saman madara mai kauri, da menemen, ƙwai da aka dama cikin tumatir da tattasai aka kawo a kaskon da aka dafa shi. Wannan shimfiɗa zama take so, don haka na bar ta ga safiyar da ba ni da layin da zan bi.

Aya Sofiya na fara zuwa, da sassafe, kafin layi ya yi tsawo. Sarki Jastiniyan ne ya sa aka gina ta a matsayin majami'a bayan an ƙone wadda ta gabace ta a tarzomar shekarar 532, kuma aka kammala aikin a 537, wato cikin abin da bai kai shekara shida ba. Ƙubbarta ta farko ta rufta a 558 bayan girgizar ƙasa, aka sake ɗora wata aka gama a 562, kuma tsayinta daga ƙasa ya kai kimanin mita 55. Abin da hoto ba ya iya nunawa shi ne jerin tagogin da ke kewaye da gindin ƙubbar, waɗanda haske ke shigowa ta cikinsu har mutum ya kasa gane a kan me wannan nauyi duka ya dogara. An mai da ginin masallaci a 1453, aka mai da shi gidan tarihi a tsakiyar shekarun 1930, sannan aka dawo da salla a cikinsa a watan Yulin 2020. Duk waɗannan sauye-sauye suna nan a jikin bango, ba wanda ya shafe wani gaba ɗaya. Mihrabin ya ɗan karkace daga tsakiyar ginin, saboda ba alƙibla aka duba ba lokacin da aka kafa harsashi. Manyan faifai takwas da ke rataye a sama, masu ɗauke da sunan Allah, da na Annabi Muhammadu (SAW), da na halifofi huɗu, da na Hasan da Husaini, rubutun hannun Mustafa Izzat ne na ƙarni na 19, kuma faɗin kowanne ya haura mita bakwai. A benen sama akwai hotunan zamanin Rumawa da aka haɗa da ƙananan gutsattsarin gilashi masu ruwan zinare, akwai kuma wani rubutu da wani mutumin arewacin Turai ya karce a jikin dutsen makari ɗaruruwan shekaru da suka wuce, inda har yanzu ake iya karanta wani ɓangare na sunansa. Tun daga 2024 baƙi masu zuwa kallo suna shiga ta wata ƙofa daban da tikiti su hau benen, masu zuwa salla kuma suna shiga ƙasa. A ganina wanda ke da damar yin duka biyun ya yi, domin ginin da ake kallo daga sama dabam yake da ginin da mutum ya tsaya a sahu a cikinsa.

Masallacin Sultan Ahmed yana fuskantar Aya Sofiya, an fara gina shi a 1609, yana da hasumiya shida da tayil na garin Iznik sama da dubu ashirin a bangayensa. Yana da kyau ƙwarai, sai dai cunkoso yakan hana mutum nutsuwa, don haka ban daɗe ba. A gefensa akwai filin da Rumawa ke tseren karusai, inda har yanzu wani dogon dutse na Fir'auna Tutmos na Uku yake tsaye tun da aka kawo shi daga Masar aka kafa a shekarar 390. Ma'ajiyar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa da ke kusa, wadda ita ma aikin zamanin Jastiniyan ce, tana da ginshiƙai 336 a tsaye cikin ruwa, da yawansu an ciro su ne daga tsofaffin gine-gine, kuma rabin sa'a ya isa a zagaya ta.

A wannan unguwa ne baƙo ya fi buƙatar kula da inda zai ci abinci. Titunan da ke kewaye da dandalin cike suke da gidajen abinci masu ajiye mutum a ƙofa yana jan hankalin masu wucewa da kowane harshe, kuma a ɗaya daga cikinsu an jera mini ƙananan farantan da ban nema ba, aka sanya kuɗinsu a takardar biya. Abincin ma bai kai kuɗinsa ba. Inda mutanen gari ke ci da rana shi ne abin da suke kira esnaf lokantasi, gidajen abincin 'yan kasuwa da masu sana'a, inda ake jera girkin ranar a manyan tiraye bayan gilashi, mutum ya nuna abin da yake so da yatsa, a zuba masa nan take. Miyar adas ce, da yalo da aka cusa wa niƙaƙƙen nama, da kaza cikin kayan lambu, da shinkafa mai man shanu, ga kwandon burodi a kan kowane tebur. Alamar mai kyau a cikinsu ita ce a ga ma'aikata sun cika shi da azahar, a kuma ga tirayen sun fara ƙarewa kafin la'asar.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Sulaimaniyya. Magini Sinan, wanda ya riƙe shugabancin maginan daula kusan shekara hamsin har rasuwarsa a 1588, shi ya gina wa Sarki Sulaiman wannan masallaci tsakanin 1550 da 1557, a kan tudun da ke kallon mashigin ruwan da ya raba tsohon birni da unguwar Galata. Cikinsa ba shi da yawan ado kamar na Sultan Ahmed, fili ne da haske, ƙubba mai tsayin mita 53 tana zaune kan manyan ginshiƙai huɗu, kuma muryar limami tana isa ko'ina a fili. An ruwaito cewa Sinan ya tsara yadda iska za ta riƙa jan hayaƙin fitilu zuwa wani ɗaki da ke saman ƙofa, inda ake tattara baƙin a yi tawada da shi. Amma abin da ya fi burge ni yana waje. Kewaye da masallacin akwai makarantu, da makarantar koyon likitanci, da asibiti, da masaukin matafiya, da gidan wanka, da babban ɗakin girki inda ake dafa wa ɗalibai da ma'aikata da talakawa abinci kullum ba tare da an karɓi ko sisinsu ba. Wasu daga cikin makarantun yanzu su ne ɗakin karatu na Sulaimaniyya, ɗaya daga cikin manyan taskokin rubuce-rubucen hannu na Musulunci a duniya. Kabarin Sarki Sulaiman da na matarsa Hurrem suna bayan mihrabi, shi kuwa Sinan nasa kabarin ƙarami ne, a wata kusurwa a wajen katanga, inda tituna biyu suka haɗu.

A jerin shagunan da ke fuskantar harabar masallacin ake sayar da kuru fasulye, farin wake da ake dafawa a hankali da man shanu da markaɗaɗɗen tumatir da jan barkono, har ya yi laushi ba tare da ya fashe ba. Ana kawo shi a ɗan faranti mai zurfi, romonsa ja mai kauri, da busasshen barkono guda a kwance a kai, ga shinkafa a gefe, ga kayan lambu da aka jiƙa a ruwan tsami. Na zauna a tebur na waje duk da sanyi, kusa da wasu ɗalibai na jami'ar da ke maƙwabtaka da wurin da wasu dattawa da suka fito daga sallar azahar, kowa da irin farantin da ke gabana. Abinci ne na talaka, ba shi da wani sirri sai haƙurin mai dafawa, kuma ban ci abin da ya fi shi dacewa da wurinsa ba a duk tafiyar.

Daga nan tafiyar 'yan mintoci ce zuwa unguwar Vefa, kusa da tsohuwar gadar ruwa da Rumawa suka gina a ƙarni na 4, wadda motoci ke wucewa ta ƙarƙashin bakunanta a yau. A wannan unguwa akwai shagon Vefa Bozacısı, wanda ke sayar da boza tun 1876. Boza abin sha ne na lokacin sanyi, ana yin sa da gero da sukari, a bar shi ya ɗan yi tsami, launinsa ruwan ƙwai mai haske, kaurinsa kuma ya kai a sha da cokali. Dokin ƙofar shagon na dutse ya lotsa a tsakiya saboda yawan ƙafafun da suka taka shi. Ka'idar wurin ita ce mutum ya fara tsallaka titi ya sayi leblebi, wani gasasshen wake mai zagaye, sannan ya shigo ya ɗauki kofinsa daga kan kanta, a barbaɗa masa kirfa, ya zuba waken a kai da kansa. Cokalin farko zaƙi ake ji, sai tsamin ya biyo baya a hankali, ƙamshin kirfa yana sama, waken kuma yana ba haƙori abin taunawa. A bango, cikin wani ƙoƙon gilashi, an ajiye kofin da Mustafa Kamal Ataturk, wanda ya kafa jamhuriyar Turkiyya, ya sha boza da shi a 1937. Iyalai ne ke cika wurin da dare, da yara da tsofaffi. A nan ya dace in ce wanda zai shiga rangadin ɗanɗanon abin sha da kamfanoni ke shiryawa ya tambayi abin da ke ciki tun da wuri, domin wasu suna haɗawa da giyar inabi da barasar ƙasar da ake kira raki. Ni ba na sha, kuma ban rasa abin ɗanɗanawa ba ko na yini ɗaya.

Gangarowa daga tudun Sulaimaniyya zuwa bakin ruwa, sai mutum ya faɗa cikin lungunan Tahtakale, inda ake sayar da tukwane, kwanduna, cokulan katako da kayan aikin hannu, masu dako suna neman hanya da kaya a baya. A tsakiyar wannan hayaniya akwai wata ƙaramar ƙofa da matakala mai duhu, wadda in ba an lura ba sai a wuce ta. Ita ce hanyar hawa masallacin Rustam Fasha, wanda Sinan ya gina wa wazirin Sarki Sulaiman a farkon shekarun 1560, ya ɗora shi a saman shaguna domin hayarsu ta riƙe shi. Tayil ɗin Iznik ya rufe bangayensa ciki da waje, shuɗi da fari da wani ja mai kauri da ake jin tudunsa a ƙarƙashin yatsa, zanen furanni ba ya maimaita kansa daga bango zuwa bango. Wanda ya ce in zaɓa masa tsakanin wannan ɗan masallaci da na Sultan Ahmed don ganin aikin tayil, wannan zan zaɓa masa, domin a nan mutum yana tsayawa dab da aikin ba mai tura shi.

A wannan unguwa ce, bisa abin da masana tarihin Usmaniyya suka rubuta, wasu mutane biyu daga ƙasar Sham suka buɗe gidan shan gahawa na farko a birnin a tsakiyar shekarun 1550. Gahawar ta zo ne daga Yaman, kuma gidajen shanta suka zama majalisar hira da karatu da sukar masu mulki, har Sarki Murad na Huɗu ya sa aka rufe su a 1633. Ƙamshin gahawa har yau shi ne ke cika lungun da ke bakin Kasuwar Masar, inda shagon Kurukahveci Mehmet Efendi, wanda ya fara sayar da soyayyiyar gahawa niƙaƙƙiya a 1871, yake da layin da ba ya yankewa, samari a bayan taga suna aunawa suna naɗewa cikin takarda da saurin da ido ba ya iya bi. Ita kanta Kasuwar Masar an gina ta ne a shekarun 1660 a matsayin waƙafin masallacin Yeni Jami da ke gefenta, wanda mahaifiyar sarki, Turhan, ta kammala. Yanzu kayan tsaraba sun yi yawa a cikinta, kuma kayan yaji sun fi araha a titunan da ke bayanta. Gahawar Turkiyya, wadda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun da ake kiyayewa a 2013, ana dafa ta ne a wata ƙaramar tukunyar tagulla mai dogon mariƙi, a haɗa ruwa da gari da sukari tun farko, shi ya sa ake tambayar mutum yawan sukarin da yake so kafin a ɗora. Ana zuba ta a finjali da kumfarta, ba a tacewa, a kawo da kofin ruwa da gutsuren alewar lokum. Ruwan ake fara sha don wanke baki, a jira garin ya kwanta, sannan a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, a tsaya da zarar an ji gari a harshe. Na gwada mara sukari da mai matsakaicin sukari, kuma mai matsakaicin ta fi fito da ƙamshin ba tare da ɗacin ya rufe shi ba.

Duk da wannan tarihi na gahawa, shayi ne abin shan yau da kullum, kuma sabon shiga ne idan aka kwatanta, domin sai a ƙarni na 20 aka bunƙasa nomansa a yankin Rize da ke gaɓar Baƙin Teku, inda aka buɗe masana'antarsa ta farko a 1947. Ana dafa shi a buta mai hawa biyu, ganye mai ƙarfi a sama, ruwan zafi a ƙasa, a haɗa gwargwadon ƙarfin da mutum ke so, a kawo a ɗan kofin gilashi mai siririn ƙugu, babu madara. Mafi daɗin wurin shansa shi ne cikin jirgin fito. Daga tashar Eminonu da ke bakin tsohon birni zuwa Kadikoy da ke ɓangaren Asiya tafiyar kamar minti ashirin ce, kuma daga kan ruwa ne ake ganin yadda tsohon birni ya jeru, fadar Topkapi a kan tsini, Aya Sofiya da Sultan Ahmed a bayanta, Sulaimaniyya can a kan tudunta, fararen tsuntsayen teku suna bin jirgin suna cafe gutsuren simit da fasinjoji ke jefa musu. A lokacin sanyi ana kuma sayar da salep a cikin jirgin, madara mai zafi da aka kaurara da garin saiwar wani fure, da kirfa a kai. Kafin shiga jirgi na ci burodi da gasasshen kifi da albasa a bakin gadar Galata, na haɗa da ruwan tsamin kayan lambu da ake sayarwa a kofi, ja mai gishiri, wanda ke yanke maiƙon kifin. A kasuwar Kadikoy kuma na ɗanɗana shalgam, abin shan yankin Adana da ake yi da jan karas da aka bari ya yi tsami, mai yaji da mara yaji. Shi kaɗai yana da wuyar sha ga wanda bai saba ba, amma tare da gasasshen nama yana zama daidai. Ayran, kindirmo da aka dama da ruwa da gishiri har ya yi kumfa, ya fi shi sauƙin karɓuwa.

Fadar Topkapi tana cin rabin yini, kuma ta cancanci hakan. Sarki Muhammad na Biyu ya fara gina ta 'yan shekaru bayan cin birnin, sarakuna suka zauna a cikinta har zuwa tsakiyar ƙarni na 19 da suka koma fadar Dolmabahce, aka mai da ita gidan tarihi a 1924. Tun kafin a shiga ƙofa akwai wurin shan ruwa na Sarki Ahmed na Uku da aka gina a 1728, mai tagogi a kusurwoyinsa huɗu inda ake miƙa wa masu wucewa ruwa da sharbat kyauta. Yawancin baƙi suna wucewa kai tsaye zuwa taskar zinare da sashen iyalin sarki, amma ni na daɗe a ɗakunan girki da ke gefen dama na fili na biyu, jerin ƙubbobi da dogayen bututun hayaƙi waɗanda Sinan ya sake ginawa bayan gobarar 1574. Daga nan ake ciyar da dubban mutane kowace rana, kuma akwai sashe na musamman na yin alewa da sharbat da magunguna. Abinci a wannan fada harkar mulki ne. Idan sojojin Janisari, wato dakarun sarki na musamman, suka zo karɓar albashi ana kawo musu miya da shinkafa, in suka ci an san suna tare da sarki, in suka ƙi ci an san akwai matsala, in kuwa suka kifar da manyan tukwanensu to tawaye ya tashi. A tsakiyar watan Ramadan ana fito musu da tirayen baklava, wani kayan zaƙi da ake gasawa, daga waɗannan ɗakuna, tire ɗaya ga kowane soja goma, su ɗauka cikin jerin gwano zuwa barikinsu. Bayan na ga wannan, baklavar da na ci da yamma a Karakoy, mai siraran shimfiɗun ƙullu da man shanu da koren fistashiyo na Gaziantef, ta zama mini abu mai asali.

A fili na uku na fadar akwai ɗakin amanoni masu tsarki, inda aka ajiye mayafi da takubba da sauran kayayyakin da ake dangantawa da Manzon Allah (SAW) da sahabbansa, waɗanda aka fara tarawa a nan bayan Sarki Salim na Ɗaya ya ci Masar a 1517. Ana karanta Alƙur'ani a ɗakin ba dare ba rana, mai karatu yana zaune a gefe, layin mutane yana tafiya a hankali, kuma a nan na ga hayaniyar baƙi ta lafa da kanta ba tare da wani ya tsawatar ba. Wanda wannan ɗaki ya taɓa zuciyarsa ya yi ƙoƙari ya ƙarasa unguwar Ayyub Sultan, a can ƙarshen mashigin ruwan, bayan ganuwar da aka gina a zamanin Sarki Tiyodosiyus na Biyu a farkon ƙarni na 5. A can ne hubbaren sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake, mutumin da ya sauki Manzon Allah (SAW) a gidansa lokacin hijira zuwa Madina, ya kuma rasu a yaƙin da Musulmi suka kawo wa wannan birni a zamanin Mu'awiya. An fara gina masallaci a wurin a 1458, ginin da ke tsaye yanzu na shekarar 1800 ne, kuma a nan ake rataya wa sabon sarki takobi idan ya hau gadon mulki. Masu ziyara mutanen gari ne galibi, ana ganin iyalai da yara maza cikin fararen kayan kaciya, wasu kuma suna raba alewa ko sukari ga duk wanda ke kusa.

Babbar Kasuwa, mai shaguna kusan dubu huɗu wadda asalinta ya koma zamanin Muhammad na Biyu, ratsa ta kawai na yi, hasumiyar Galata da mutanen Jenowa ta Italiya suka gina a 1348 kuwa daga ƙasa na kalle ta, saboda layin hawanta zai cinye sa'ar da nake buƙata a wani wurin. Wanda zai tsara irin wannan tafiya ya duba ranakun mako kafin ya yanki tikiti: fadar Topkapi ba ta buɗewa ranar Talata, Babbar Kasuwa tana rufe ranar Lahadi, manyan masallatai kuma suna dakatar da masu kallo a lokutan salla, musamman ranar Juma'a har sai an sauko. Mata suna buƙatar mayafi, kowa kuma yana buƙatar takalmin da ke da sauƙin cirewa kuma yake jure duwatsun titi. Boza da salep na lokacin sanyi ne, wanda ya zo da zafi sai ya nemi sharbat na tsamiya da ruwan rumman da ake matsewa a gabansa.